Zaren da Ke Cikina

Shekara ashirin da bakwai na yi a masaƙar Kakuri,
can kunnena na hagu ya mutu, ƙarar inji ta cinye shi.
Na san atamfa tun tana auduga.
In na shafa ƙyalle da babban yatsa
sai in faɗa maka zare nawa ke cikin inci guda.
Yau masaƙa ta zama ɗakin kwanan jemagu,
ni kuma ga ni a gado na shida, ɓangaren maza,
an yanke mini wani abu a hanji.

Sai ga Ladidi da takarda,
'yar Tudun Nufawa, farar riga har gwiwa.
Ta ce, "Baba Tanimu, abin da aka cire zubarwa za a yi.
Ba mu ɗan gutsure, ko ƙwayar gero bai kai ba,
taswirar jikin ɗan Adam muke zanawa."
Na ce, "Jiki ai ba Rigasa ba ne
da baƙo zai ɓata a lungunansa."
Ta ce, "Ya fi Rigasa lungu.
Kowace ƙwayar halitta gida ce mai sana'arta,
wata gadi take yi, wata kwasar shara,
wata dakon iska tun daga huhu har ɗan yatsa.
An fara zanen, amma da jikin wasu mutane,
in babu mu a ciki
likita zai zo neman gidanmu ya rasa."

Na dangwala yatsan nan dai a tawada.
Suka ba ni lamba, sunana ya koma gida.
Ban damu ba, a masaƙa ma lamba gare ni.

Daga baya na ji yadda gutsuren ya yi tafiya.
Ranar da aka ɗauke wuta kwana uku,
Bulus ɗan Kagoro kusa da janareta ya yi shimfiɗa
don kada sanyin firji ya tsere.
Modupe ta kwana tana fama da kwamfuta,
shayinta ya huce sau biyu.
Can bayan teku, inda asubarmu ce tsakar darensu,
wata na ƙirga na ido, wani na ƙirga na ƙoda,
kowa da ƙundun da yake saƙawa,
a haɗa su wuri guda a ɗinke.
Ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba
amma jinka ɗaya suke ɗagawa.

Da damina ta zagayo Ladidi ta kira ni.
Ta juyo mini da allon,
sai ga ɗigo-ɗigo, shuɗi, ja, ruwan ɗorawa,
wallahi kamar zanen da muka buga wata Sallah
mata suka yi ta rububi.
Ta ce, "Kai ne wannan, da wasu ɗari biyu."
Na matso, idon masaƙi ba ya ritaya.
Can gefe ga wasu 'yan ɗigo sun ware kansu.
Na ce, "Nan zare ya tsinke?"
Ta yi shiru.
Ta ce, "Ba mu san su ba tukuna.
Ƙasa uku ake gardama a kansu,
ko suna ba a raɗa musu ba."

Ashe shekara saba'in ina ɗauke da baƙi,
suna mini aiki babu albashi,
ban taɓa ce musu sannu ba.
Haka wadda ta ɗaura zanenmu ranar biki,
ina ta san wanda ya ƙulla zaren da ya tsinke
ƙarfe uku na dare?

Na hau keke na nufi gida.
A kan gada kogi ya cika, ja wur, yana ta sauri.
Na ɗora babban yatsa a wuyan hannuna,
na shafa, na sake shafawa,
na fara ƙirga,
har muka wuce Barnawa ban gama inci guda ba.