Tutar Tanimu Mai Faci

Ni na ɗinka tutar farko.
Buhun fulawa biyu na farke, na wanke, na shanya,
Mati ya rubuta sunan da ragowar fentin ƙofa,
wuri ya ƙare masa kafin suna ya ƙare,
sai harafin ƙarshe ya sauko ƙasa shi kaɗai.

Mu goma sha bakwai ne a shekarar.
Daga Ƙofar Guga muka tako, ba ganga, ba kakaki,
Tabawa kuturwa a gabanmu
har bakin famfon nan
inda Tanimu ya taɓa karɓar bokitinta
ya ajiye cikin layi,
tsakanin tulun gidan alƙali da garwar gidan akawu,
ya ce, "Ruwa ba ya ƙirga yatsu."

Wata bakwai ya kwana a ɗaure kan wannan magana.
Ya fito da giɓi biyu,
ya koma gindin dalbejiya yana liƙe tayar keke
har ranar da muka kai shi makwanci.

To, bana ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyi.
Sau uku aka faɗa a rediyo.
Rumfa shida, kujerun roba ɗari huɗu,
shinkafa da yankan nama, ruwan leda buhu-buhu.
Masinja ya zo shagona da yadi mai sheƙi,
rabin kuɗi a ambulan, da ƙa'ida a takarda:
hoton ciyaman a dama, kamu biyu,
na marigayi a hagu, taƙi ɗaya.

Kada in yi muku ƙarya, na karɓa.
Mai magani na bi na bashi tun azumi.

Mati ya ce, "Sallau, daina ɓata rai.
Kuɗin wa za su kashe in ba namu ba?
Kura ce ta zo ta'aziyyar akuya,
bar ta ta biya kuɗin likkafani."
Na yi dariya, amma allura ta soke ni.

Ranar ta zo. An sauya hanya.
Wai lungun famfo ba kwalta, motocin baƙi za su sha wuya.
Famfon ma shekara huɗu rabonsa da ɗigo.
Gidan yari kuwa, ta bayansa aka zagaya,
'yan sanda na buɗe mana hanya,
mu da muka saba su buɗe mana bayan mota.

Sakatare ya hau lasifika
ya kira shi Alhaji Tanimu,
mutumin da ko Jibiya bai taɓa wucewa ba.
Ya ce uban zaman lafiya ne.
Tanimu! Wanda ya hana ofis uku barcin rana!

Ɗan Tabawa ya zo da farar rigarsa guda ɗaya,
mai gadi ya tambaye shi katin gayyata.

Amma in faɗi gaskiya duka:
na ga 'yan firamare ɗari biyu suna kiran sunansa,
wata ƙarama, hancinta duk zufa,
ta ja hannun malaminta, "Me ya yi?"
Ban ji amsar ba. Na dai ji tambayar.

Abin da masinja bai sani ba,
da daddare na zaro tsohon buhun daga ƙasan akwati,
na shimfiɗa shi tsakanin yadi da yadi,
na bi gefe da ɗinki mai ƙarfi.
Da la'asar, a Ƙofar Soro, rana ta bugo tutar ta baya,
sai ga rubutun Mati ya fito dishi-dishi,
karkataccen harafin nan
daidai kan hular ciyaman.

Mati ya gani. Ya yi tari.

Da aka fara rabon shinkafa muka zame,
ni da shi da ɗan Tabawa,
muka aro bokiti wajen mai ƙosai,
muka kai shi bakin famfo,
muka sa a layi.