Gadon da ke Tafiya

Baba ya ce katifa ba ta tafiya,
shi ya sa barci ya ƙi shi.
Shekara talatin yana kwana ƙarƙashin babbar mota
tsakanin Damagaram da Agadas,
rataye cikin tamfol kamar ƙwarya a ragaya.
Yanzu ido ya dushe, ya miƙa makulli,
dare ya yi masa faɗi.

Sai na nufi Kasuwar Dole,
ni da ban taɓa kalmashe ko bakin zane ba.
Yadi huɗu na tamfol mai ruwan toka,
basilla biyu, igiya gaba shida.
Kyari tela ya dube ni ta saman tabarau:
"Ninka bakin sau uku, ƴar nan.
Mutum a tsakiya yake kwanciya,
amma baki ke ɗaukar sa."
Na ce to.
Na ninka sau ɗaya, don rana ta take,
kuma a raina na riga na iya.

Basilla ta sha jinina kafin ta sha zare.
Ɗinkina ya bi hanya irin ta akuyar Birni,
ya kauce wa dutse, ya leƙa lungu,
ya dawo inda ya baro.

Na ɗaure gefe guda a bedi,
gudan a turken rumfa.
Allah ya so ni, buhun gero na fara kwantarwa.
Ya yi lilo sau ɗaya.
Ya yi na biyu.
A na uku, ɓarrr!
Kajin maƙwabta sun yi sallah ba wata,
ƙanena Lawali ya yi dariya har ya zauna a turmi.

Kwana uku ina warwara,
bakina cike da guntayen zare,
babban yatsana a naɗe da tsumma.
Na koma wurin Kyari. Bai ce komai ba,
yatsu uku kawai ya ɗaga.

Daren da na gama, wuta ta ɗauke,
duwatsun gari na amayar da zafin yini.
Baba ya fito yana lalube.
Ya bi kabun da hannu, taki-taki,
yadda yake shafa taya kafin ya kama hanya.
"A karkace yake," in ji shi,
"amma zai kai."

Ya zauna. Igiya ta yi ƙara, zuciyata ta amsa.
Ya ɗaga ƙafa, ya ɗaga ɗayar,
bedi ya ɗan sunkuya, ya riƙe.
Na sa tafin ƙafata ina turawa a hankali.

Can ya ce, ido rufe,
"Rage gudu, Habsu,
akwai rami gaban Tanut."

Na rage.
Minshari ya tashi kamar tsohon inji.
Cinyata ta yi tsami, sauro ya same ni,
ban tsaya ba har ladan ya yi gyaran murya,
don ban san inda ake sauke fasinja ba
a hanyar nan.