Takardar da Wuta Ta Ci

Ƙarfe shida na tashi daga masana'antar roba,
yatsuna na warin man inji.
Bas ta sauke ni a ƙofar laburaren Akron,
ba a buɗe ba, ƙanƙara na zuba.
Na jira. Shekara arba'in da uku
sun koya mini tsayuwa a layi.

Sunana Dilmaya Subba.
A ajin Turanci na Talata da Alhamis
na iya faɗin inda ke mini ciwo,
na iya tambayar kuɗin albasa,
amma kalmar nan da ke saman fom,
wadda aka ce tana nufin cancanta,
ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Wa ya cancanta? Wa ke aunawa, da wane mudu?

Odalys mai kula da kwamfutoci ta jawo kujera,
ta hura shayinta.
Katin zama? Ga shi.
Takardar harajin bara?
Na zaro ta daga ledar burodi, ta yi dariya, na yi.
Shaidar gama sakandare?

Sai na ga bukkarmu ta gora a sansanin Nefal,
daren da wuta ta bi layi gida-gida.
Na fito da Pabitra a goye, da tukunya ɗaya.
Takardar na ƙarƙashin katifa
inda na ce ɓarawo ba zai duba ba.
Bai duba ba kuwa.

Odalys ba ta ce Allah sarki ba.
Ta ce, ni ma ban sani ba,
kuma ba zan ba ki amsar ka ba.
Ta rubuta lambar ofishin tallafi na kwaleji
a bayan rasit, da tambaya uku:
ko akwai jarrabawar da za ta tsaya a madadin toka,
ko kuɗin na biyan ajin Turanci
ko sai na haye shi tukuna,
sannan yaushe ake rufe ƙofa.

Da yamma Pabitra ta kama tafin hannuna
ta rubuta kalma biyu da biro.
Wannan kyauta ce, Ama, wannan bashi.
Kar ki yarda su haɗa miki su.
Yarinyar da na koya wa cin shinkafa da hannu.

Aikin jinya nake so.
Na wanke surukata shekara tara ba albashi,
na san nauyin tsoho idan ƙafa ta ƙi.

Laraba, sha ɗaya saura kwata, na buga.
Na'ura ta ce in danna ɗaya, in danna huɗu.
Kiɗa. Kiɗa. Sai muryar mutum.
Pabitra ta miƙo hannu kamar kullum
don ta karɓa ta yi mini magana.

Na juya mata baya.
Na share murya.
Na faɗi sunana, harafi bayan harafi.