Rigar Sukari

A Porto, ƙarfe taran dare,
Benedita ta sunkuya kan madubin bincike.
Yankin tsoka, siriri kamar ɓawon albasa,
daga maman Graciete mai kifi a bakin Douro.

Kowace ƙwayar jiki tana da rigar sukari,
da ita jiki ke gane nasa.
Na sankara sun sake ɗinki,
sun datse nan, sun ƙara can.
Dakarun jini suka zo,
suka shinshina, suka gaisa, suka wuce.

Zaƙin da harshe bai taɓa ji ba.

Ta ɗiga rini, gefen ya yi ja.
Lamba ta rubuta, ba suna ba,
amma ta san hannun
da ya ƙara mata kifi biyu ranar Asabar.