Tsatsar Alkama a Bakolori

Na san tsatsa a bakin lauje,
na san ta a ƙusar ƙyaure.
Ban san tana cin ɗanyen ganye ba
sai bana, a fili na huɗu, gefen magudana.

Na shafi alkama da asuba,
yatsuna suka fito jajur
kamar na murza ƙasar tukwane.

Labbo malamin gona ya zo a kan babur
da siririyar kwalba mai jan zare a ciki.
Ya ɗaure ta a turke, ya ce, riƙa dubawa.
Ban yi boko ba, amma na san lamba,
cinikin albasa ya koya mini.

Daren da zaren ya sauka goma
muka ƙudundune cikin bargo,
ita ma ta ƙudundune.
Ba mutuwa ta yi ba, lamɓo ne.
Mako biyu ba ta ƙara ko ɗigo ba,
har na fara yi mata dariya.

Sai sanyi ya sassauta.
Zare ya hau ashirin ya zauna.
Dare mai daɗin barci, ba zufa, ba rawar ɗari,
raɓa ta kwana a kan ganye har hantsi.
Ashe daren da na fi jin daɗi
shi ne daren da take aihuwa.
Kwana bakwai, ɗigo ɗaya ya zama goma,
goma ta zama abin da ba ya ƙirguwa,
iska ta ɗiba ta kai wa Nomau maƙwabcina
ba tare da sallama ba.

Na roƙi zafi. Ni, da bakina.
Ya zo kuwa, talatin da biyar, har da ɗoriya,
raɓa ta ƙafe tun kafin kiran assalatu,
tsatsa ta bushe, ta yi baƙi, ta tsaya.
Na murza zangarniya a tafina:
ƙwaya ta motse kamar kuncin tsohuwa.
Wutar da ta kori ɓera ta lashi rumbu.

Labbo bai yi faɗa ba.
Ya ce, da ka yi shuka da wuri
da ta nuna cikin sanyi, ta riga su duka biyun.
Gaskiya ne. Na tsaya jiran albasa ta yi kuɗi.

Buhu shida na ɗaure inda nake ɗaure sha ɗaya.

Kwalbar tana nan a turke, bai karɓa ba.
Ige ta ce yanzu ita nake fara gaisarwa
kafin in tambayi yadda gida ya kwana.