Yaɓe a Kan Yaɓe

A jami'a suka ba ni takarda mai tambaya talatin,
suka ce, je ki auno ƙwaƙwalwar tsofaffi.
Na hau adaidaita daga Kabuga,
na sauka Mandawari da biro biyu da rikoda.

Baba Tanimu magini ne a da.
Yanzu hannunsa na rawa a kan gwiwa
kamar yana neman ƙasar da zai cuɗa.
Na ce, Baba, ga ajiya, kalma uku:
ƙwarya, kujera, agogo.
Ya ce to.
Da minti biyar ta cika na miƙa hannu,
ya lalube kansa kamar mai laluben aljihun da ya huje.
"Ƙwarya," in ji shi. Sauran sun zube a hanya.

Na rubuta ɗaya bisa uku.
Biro bai ji kunya ba. Ni na ji.

Sai yayyafi ya sauko,
ƙamshin ƙasa ya shigo zaure ba sallama.
Tsoho ya ɗaga hanci, ya gyara zama:
"Shekarar canjin hannu,
da motoci suka koma dama,
an yi ruwan da ya kwana uku yana zuba.
Soron Alhaji Na'iya ne ya fara durƙusawa,
sai ɗakin Mai Tafarnuwa, sai bangon masallaci ta arewa.
Tubali dubu da ɗari huɗu na mulmula,
makuba kwando tara,
baƙar akuyar liman ta mutu ƙarƙashin azara."

Daga bayan labule Goggo Dije ta yi tsaki:
"Shekarar canjin kuɗi ce, ina goyon Sa'a.
Kuma akuyar ja ce."
Ya rantse. Ta rantse.
Ba maƙaryaci a cikinsu, na duba idanunsu,
kowa akuyarsa yake kallo.

Malaminmu ya sha faɗa a aji:
ƙwaƙwalwa ba rumbu ba ce
da za ka zuba gero ka ɗebo gero.
Duk abin da ka tuno, sabon gini ka yi masa.
Na faɗa wa Baba haka, ina jin kaina mai ilimi.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Sai yanzu boko ya gano?
Taɓa katangar nan.
Kakana ya gina ta.
Damina ta ci, rani mu yaɓe,
damina ta ci, mu yaɓe.
Ko dunƙule ɗaya na hannunsa ban ce ya saura a fuskarta ba,
amma je ki tambayi unguwa katangar wa ce."

A hanyar komawa na bi ta gindin badala,
inda ta zaizaye, inda aka cike, inda aka yanka aka kafa shago.
Na tuna littattafan da muke rantsuwa da su,
sarki kaza, shekara kaza, wata kaza.
Wanda ya rubuta, a bakin wani tsoho ya ji.
Tsohon nan ma da ƙanwarsa a bayan labule,
ta yi tsakinta,
tawada ba ta kama tsaki.

Da dare na ba Ummata labari,
na ce hularsa shuɗiya.
Hoton wayata ya ce fara.
Kwana ɗaya bai cika ba, har na fara yaɓe.

Ranar Laraba na koma.
Bai gane ni ba, ya kira ni da sunan wata da ta rasu.
Na zauna, muka yi shiru, Goggo na tankaɗe a ciki.
Da na miƙe zan tafi ya riƙo gefen mayafina:
"Yarinya, agogo.
Wani ya bar mini shi ajiya, ko naki ne?"

Na karɓa da hannu biyu.
Takardar ba ta da gurbin abin da ya zo a makare.
Kujerar kuwa, har yau tana wurinsa.