Lamba Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Furen dankali ba ya jiran mai barci.
Da asuba yake buɗe baki,
kafin rana ta take ya yi yaushi, shi ke nan.
Shi ya sa nake riga zakarun Kelimane tashi,
in ɗaura fitila a goshi,
in bi kunya-kunya da ɗan tsinke a hannu
ina ɗaura wa furanni aure.

Uwar 'yar ƙauye ce, fara fat a ciki,
daga gonar Ancha, can bakin teku a Zalala.
Ba ta cika kwando, ba a yi mata kirari.
Amma shekarar da guguwa ta turo teku cikin gonaki,
shinkafa ta ƙone a tsaye, rogo ya ruɓe a kwance,
ita kaɗai ta sake toho
a kan farin ɓawon gishiri.

Uban baƙo ne, cikinsa ruwan goro,
maganin dundumin yara,
sai dai ɗan lele ne:
gishiri ya taɓa saiwarsa kaɗan,
ya zubar da ganye kamar an aiko masa da mutuwa.

Na ɗebi garin wannan na shafa wa waccan,
na ɗaure bakin furen da zare
kada ƙudan zuma ya yi mini shisshigi.

Iri dubu biyu da ɗari uku,
baƙaƙe, masu taurin kai.
Sai na kankare wa kowanne baya da abin yankan farce
kafin ya yarda ya sha ruwa.
Uwa ɗaya, uba ɗaya,
kowa da halin da ya zo da shi.

Sai aikin da ba na so.
Bonifasiyo ke auna gishiri a sikeli,
ni ke zubawa.
Da hannun da na rene su
nake shayar da su teku cokali-cokali.
Kowace safiya ina ƙirga gawa.
Wata rana saba'in. Wata rana na daina ƙirgawa,
na fita waje na zauna gindin kwakwa.

Goma sha ɗaya suka rage.
Damina uku ta tace su:
wani ya yi ganye ba 'ya'ya,
wani ƙwaro ya huda shi,
wani ya dahu ya zama kunu a tukunya.

Ɗari huɗu da sha bakwai na kai wa Ancha.
Ta dafa shi da ɓawonsa, ba ta ce komai ba.
Ta ɓare, ta danna da babban yatsa,
don ta sha faɗa mini
jan dankalinmu ruwa ne kawai da kwalliya,
ba ya raka mai su har tsakiyar teku.
Ta tauna. Ta dubi ƙasa. Ta sake tauna.
Ta miƙa sauran wa jikanta Selemane,
wanda ke laluben ƙofa da zarar magariba ta yi.

"Yana da gari," ta ce. "Yaya sunansa?"
Na faɗi lambar.
Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu:
"Wa ya taɓa shuka lissafi?"

Na ce mata da saura.
Sai an gwada shi a gundumomi biyar,
sai kwamiti ya zauna a Maputo,
shekara biyu, in an yi sauri.
Ta gyaɗa kai kamar mai saurare.

Da na juya zan hau babur
na hango yaɗo uku, kore shar,
suna leƙowa daga ƙullin zanenta.
Ban ce na gani ba.

Bayan gidanta ruwa na ta hauhawa cikin rafi,
ƙaguwa na haƙa rami a gefen kunya.
Gobe ma da asuba akwai fure.